Ranar da Aka Nema wa Kwarin Baƙi Mai Shi

Ranar Talata da safe, ina kan hanyar zuwa layin famfo da bokitina biyu, sai na ga akuyar Inna Aisa, maƙwabciyarmu mai fura, ɗaure a jikin wani turke da ban sani ba. Turken ƙarfe ne, sabo fil, an shafa masa jan fenti a ka. Ni mutum ce mai tafiya kai a sunkuye, shi ya sa duk Zangon nan ba turken da ban sani ba. Na tsaya ina kallo. Ita ma akuyar kallonsa take yi, kamar ta san ba sa'anta ba ne.

Na ce, "Inna, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Samowa? Tsirowa ya yi, Sa'a. Shekara biyu gero ya ƙi fita, ga ƙarfe ya fito ba ko yayyafi. Je ki bakin kwari ki gani, ƴan'uwansa goma sha ɗaya suna can."

Na ajiye bokiti a layi na je na gani. Kafin in dawo famfo ya yi tarinsa na ƙarshe ya yi shiru, bokitina kuma wata baiwar Allah ta taimaka ta mayar min da su can baya. Haka na koma gida ba ruwa, sai labari. Tun da labarin kaɗai na samo, bari in raba muku.

Jama'a, ku taya mu murna. A wannan shekara da mutanen Tirmini da na Garagumsa ke shigowa Damagaram da tabarmi a ka, shekarar da muka koyi tuƙa jar dawar taimako har muka fara yi mata kirari, waɗansu manya, Allah ya ƙara musu sanyin inuwa, sun zauna sun yi dogon tunani a kan abin da Zango ta fi rasawa. Sun gano shi. Dandalin tarihi ne. Za a yi shi da daɓen siminti, da raƙumin siminti a tsakiya, da wani famfo mai fesa ruwa sama don kallo kawai. Sunansu Kwamitin Ƙawata Gari. Shugabansu ba zan faɗi sunansa ba, don ban isa ba. A nan unguwa Ranka ya Daɗe Uban Kwamiti muke ce masa. Wurin da suka zaɓa kuwa, har suka kafa masa turakun nan, shi ne Kwarin Baƙi. Za a cike shi da jar ƙasa ranar Asabar.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce, to mene ne a ciki, rami ne fa. Bari in yi muku bayanin yadda unguwarmu take zaune.

Damagaram gari biyu ne da suka daɗe suna kallon juna. Ga Birni can kudu, cikin manyan duwatsu, da ganuwarsa. Ga Zango nan arewa da shi, a fili. Da can ayarin raƙuma idan ya taso daga Azbin ko ya ɗauko gishirin Bilma zai wuce Kano, ba a cikin ganuwa yake sauka ba. Raƙumi ɗari biyar ba ya shiga lungu. A waje ake sauke kaya, a kafa bukka, a kwana uku, a kwana goma. Wani ya ga kasuwa ta yi masa daɗi ya ƙi tashi. Bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida mai zaure da zane a fuska. Ƙasar ginin kuwa ba daga sama ta faɗo ba, a nan gefe aka tone ta. Duk gidan da kuka gani tsaye a Zango yana da raminsa a wani wuri. Mafi girman ramukan da ke wajenmu shi ne Kwarin Baƙi, kuma duk lungunanmu gangara suke yi zuwa gare shi. Masu zuwa daga sabuwar unguwa suna yi mana dariya wai titunanmu a karkace suke kamar mai ginin ya sha wani abu. Ba mai gini ba ne ya zana su. Ruwan damina ne ya fara bi, raƙuma suka bi ruwa, mu muka bi raƙuma.

Wannan ban koye shi a jami'a a Yamai ba, ko da yake can aka ba ni takarda a kansa. A bakin Kaka Mala na ji shi. Tsoho ne da ya haura tamanin, gidansa ne na ƙarshe kafin gangaren kwarin, kuma kakansa ne, in ji mutanen unguwa, mai masaukin ayari da ya fara sa fartanya a wurin. Tun ina ƙarama yake ce min matarsa, ni kuma ina ce masa sai ya sake haƙora.

A shekarar ruwa kwarin yakan riƙe ruwa har cikin sanyi. Yanzu ya bushe, ya tsattsage. Amma samansa ne ya bushe. Wata shida da suka wuce wani manomi mai suna Nomau ya iso daga wajen Garagumsa da matarsa da tsohuwarsa da ƴaƴa biyar, bayan ya yi shuka sau uku rana tana cinyewa. A gindin katangar Kaka Mala suka sauke tabarma. Tsohon bai tambaye shi daga ina ba. Ya ja shi zuwa tsakiyar kwari, ya dangwala sandarsa kusa da wani baƙin dutse, ya ce, "Tona nan." A gaba uku Nomau ya tarar da laima, a gaba huɗu ya tarar da ruwa. Ba mai yawa ba ne, amma ba ya yin tari kamar famfonmu. Yau idan ka tsaya a baki ka leƙa za ka ga fangali-fangali na albasa da salati da yakuwa, kore shar a tsakiyar wannan fari. Da shi mutum takwas ke ci. Matan lungunmu ma, ranar da famfo ya yi fushi, can muke gangarawa.

To yaya aka yi manya ba su ga wannan ba? Sun duba, kada a zalunce su. Suna da hoton unguwar da aka ɗauko daga jirgin sama bara da rani, kafin Nomau ya zo. A hoton kwarin ya fito fari tas kamar faranti. Kuma ba su tsaya a hoto ba, sun aiko ma'aikacinsu mai auna fili, wanda muke ce wa Mushe Mai Awo da ɗan Faransancinmu, da igiyarsa da takarda mai gidaje-gidaje. A takardar akwai gida ɗaya da aka rubuta: sunan mai fili. Bawan Allah ya bi ƙofa-ƙofa cikin rana yana tambaya, "Na wane ne wannan wuri?" Kowa ya ba shi amsar da ubansa ya koya masa: "Ba na kowa ba ne."

A nan gizo ke saƙar, in ji mutane, amma ni ban ga gizo ba, al'ada na gani. A Zango ba a cewa kwarin nan nawa ne. Wurin baƙo ne. Wanda ya zo da ƙishirwa ya sha, ya shayar da dabbarsa, ya yanki ƙasa ya yi ɗaki, ba ya neman izinin kowa, ba ya gode wa kowa sai Allah. Duk unguwar baƙi ne suka kafa ta, sai aka bar wuri ɗaya don wanda zai zo gobe. Mushe Mai Awo ya ji amsa iri ɗaya sau arba'in, ya ja layi a gidan sunan, ya koma biro, wato ofishinsu, da farin ciki. A wurinsu filin da ba shi da mai shi na biro ne.

Ranar Laraba Inna Aisa ta tare ni a ƙofar gida.

"Sa'a, shekara huɗu kina Yamai wai kina karatun ƙasa. To ga ƙasa za a binne. Ɗauko mayafinki."

Na ce, "Inna, ni ban iya magana gaban mutane ba."

"Ni na iya. Ke ki riƙe takarda."

Na ɗauko taswirar da na zana da hannuna, mai nuna inda ruwan kowane lungu ke bi, muka tafi biron kwamiti. Aka ce Uban Kwamiti yana taro. Muka zauna a benci har azahar. Aka ce ya fita duba aiki. Muka ga motarsa a inuwa, aka ce ai ba isansi, wato man fetur, da wata ya fita. Wajen la'asar sai ga shi ya fito daga ɗakin da aka ce ba ya ciki, yana gyara hula. Ya karɓe mu hannu biyu, wannan kam ba zan ɓoye ba. Inna ta fara bayani, ya ce, "Madalla, madalla." Ta nuna ni, ta ce ga mai ilmin abin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina wuni, ranka ya daɗe." Na miƙa taswira.

Ya ce, "Kai, ƴarmu ce ta zana wannan? Irinku muke nema! Ilmin mata shi ne gaba." Ya shimfiɗa ta a tebur da ladabi, aka kawo masa shayi, ya ɗora kofin daidai kan Kwarin Baƙi. Sai da na ga da'irar ruwan shayin ta kewaye kwarin na ce a raina, to, ko ba komai yau ya ga danshi daga hannun hukuma.

Muna fita magatakardansu ya biyo mu. Adamu sunansa, ɗan lungun mahauta ne, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko. Ya waiga hagu da dama.

Ya ce, "Inna, taswira ba ta tsayar da kamiyo mai ɗaukar ƙasa. Suna ke tsayar da shi. In wuri yana da mai shi, da shaidu uku cewa na gado ne, dole a kafa wani kwamiti ya duba maganar."

Inna ta ce, "Shi kuma wancan ya zo ya binne mu da Lahadi?"

"Wancan? Akwai irinsa da aka kafa shekarar da na fara aiki. Har yau ba a gama shawarar wanda zai zauna a kujerar tsakiya ba. Ku dai ku kawo suna kafin a juye ƙasa."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a ƙofar zauren Kaka Mala, maza a tabarma, mu mata daga soro muna ji. Inna Aisa ta ce a sa sunanta, ita ba ta jin kunyar kowa. Aka tuna mata da ladabi cewa ubanta daga Kano ya zo da tallan goro, kowa ya ga ranar da ya sauka. Mai Nasara mai kanti ya yi gyaran murya ya ce shi dai don taimakon jama'a zai iya ɗaukar nauyin. Wani dattijo ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, nauyin ya yi maka yawa," don kowa ya san kafin sati zai kewaye wurin da waya ya sa ƙofa. Nomau yana tsugune can gefe. Shi baƙon wata shida ne, ba mai yi masa shaidar gado.

Sai idanu suka koma kan mai zauren.

Kaka Mala ya ce, "Me kuke kallona?"

Liman ya ce, "Mala, kakanka ne ya fara tona shi. Ba ƙarya za ka yi ba."

"Kakana ya tona, bai ce nasa ba ne. Ubana ya yashe shi sau nawa, bai ce nasa ba ne. A bakina za a fara ji? Kun manta wanda ya taɓa kafa danga a kusurwar gabas muna yara? Ranar sunan ɗansa shi da wanzami kaɗai suka ci tuwon."

Inna Aisa ta leƙo daga soro. "Baba, wancan don ya hana ne. Kai don a bari ne."

"Aisa, takarda ba ta san don me ba. Ni yau ne ko gobe. In na tafi, jikokina za su buɗe ta su ga an rubuta na Mala. Su kuma ba su ga raƙumi ko ɗaya ya durƙusa a nan ba." Ya juyo wajen soro. "Ina matata mai boko? Ke faɗa musu, ƙarya na yi?"

Na ce a hankali, "Ba ka yi ƙarya ba, Kaka."

Kuma bai yi ba. Aka watse ba suna.

Ranar Juma'a da hantsi na gangara ɗebo ruwa, na tarar da Nomau da matarsa suna tuge albasa. Ba ta ƙosa ba, kanta bai fi ɗan yatsa ba.

Na ce, "Malam Nomau, ai da saura wata guda."

Ya ce, "Da saura kwana guda, Malama. Ko ganyen a sa a miya."

"Ina za ku?"

"An ce ana rabon dawa a bayan gari. Ko mu yi kudu." Ya karkaɗe ƙasar jikin saiwar. "Wurin mutane ne, sun yi mana kirki. Ba za mu sa tsoho ya ɓata sunan gidansu don mu ba."

Da na ɗago kai sai na hango Kaka Mala a bakin gangare, ya dogara da sandarsa yana kallonsu. Ban san tun yaushe yake nan ba. Na gaishe shi, bai ce min matarsa ba.

Asabar ta zo da rumfa da kujeru da amsa-kuwwa. Kamiyo huɗu cike da jar ƙasa suka jeru da baya a bakin kwari. Ashe akwai isansi a garin, wurin ɓuya ya samu. An kawo raƙumin simintin ma a rufe da ƙyalle. Da iska ta ɗaga gefen ƙyallen muka ga wuyansa gajere ne, Inna ta ce wannan ai ragon layya ne ya yi ƙari a baya. Motar da za ta kawo ruwan famfon kallo ce kaɗai ba ta iso ba, an ce tana layi.

Uban Kwamiti ya yi jawabi mai daɗi, wallahi har na so in rubuta. Ya ce kakanninmu na Zango mutane ne masu karɓar baƙo, ba su taɓa hana matafiyi ruwa ba, kuma don kada a manta da wannan hali nasu ne za a gina dandalin nan. Aka yi tafi. Yana faɗin haka bayansa na fuskantar rijiyar Nomau, tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Nomau da iyalinsa suna zaune a gefe da ƙullin kayansu.

Daga nan Adamu ya miƙe da takarda, don ƙa'ida ta ce sai an yi shela sau uku kafin a juye ƙasa.

"Akwai mai wannan fili?"

Direbobi suka tayar da inji.

"Akwai mai wannan fili?"

Na ji Inna tana wani abu a ƙasan maƙoshi da ba zan rubuta a jarida ba. Adamu ya juya takarda, ya gyara alƙalaminsa, ya yi tari, ya ja lokaci iya yadda ɗan lungun mahauta zai iya.

"Na ƙarshe. Akwai mai..."

"Nawa ne."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Kaka Mala ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana tsaye a bayan kujeru. Uban Kwamiti ya ce, "Baba, me ka ce?" Sai da tsohon ya sake faɗa, a gaban amsa-kuwwa wannan karon, duk Zango ta ji. Liman ya miƙe ya yi shaida, dattijai biyu suka bi. Adamu ya buɗe tawada da sauri kamar wanda ake kora, ya kama babban yatsan tsohon ya danna a gidan da aka ja wa layi.

Manya suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Uban Kwamiti ya dawo ya sanar da cewa, saboda girmama haƙƙin talaka, wanda shi ne babban burinsu tun farko, za a kafa kwamiti. Aka sake yin tafi. Kamiyo huɗu suka juya da ƙasarsu suka nufi sabuwar unguwa, inda aka ce wani gida da ake ginawa yana fama da rami a tsakar gida. Ban gani da idona ba, kuma ina roƙon Allah ya sa gidan marayu ne.

Mata suka rangaɗa guɗa. Matar Nomau ta kwance ƙullin kaya tana kuka tana dariya. Mutane suka yi ca a kan Kaka Mala, wannan ya ce ya kyauta, wancan ya ce Allah ya ƙara girma, Mai Nasara har da cewa in ana neman mai kula da wurin yana nan. Ni dai ina gefe ina lissafin ribarmu: yanzu a littafin biro Zango ta ƙaru da attajiri ɗaya, mai rami guda da yatsa shuɗi.

Sai Nomau ya ratso taron da gugarsa a hannu. Ya zo gaban tsohon ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai kwari. Sauran albasar ta kwana ba ruwa. In ka ba ni izini, zan ɗiba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kowa ya ga haka. Amma tun ranar da aka sa fartanya a wurin nan, ba a taɓa jin mutum ya yi wannan tambaya ba.

Kaka Mala ya dubi Nomau, ya dubi yatsansa. Ya goga shi a gefen farar rigar, tawadar ta bar tabo, ba ta fita daga yatsan ba. Ya gyara riƙon sandarsa, ya ratsa tsakanin masu guɗa, ya hau gangaren a hankali, ya shige zaurensa.